Yadda ake zagaya tsohon birnin Kano da ƙafa tare da ɗan jagora

Akwai mutanen da suka shekara ashirin a Kano, kullum suna wucewa ta Ƙofar Nasarawa a mota, amma ƙafarsu ba ta taɓa taka Dutsen Dala ba, kuma in ka ce su nuna maka unguwar Madabo sai su yi shiru. Ba laifinsu ba ne. Daga bakin titi ba a ganin birni, shaguna ake gani da allunan talla. Birnin yana can cikin lungu, inda mota ba ta shiga, inda mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya bi bayan ɗaya.

Na daɗe ina raka mutane wannan zagaye. Na raka ɗalibai, na raka 'yan biki da suka zo daga Damagaram, na raka baƙin da ba sa jin Hausa ko ta sannu. Hanyar da zan kwatanta a nan ita ce wadda na fi bi: daga Dala a gangaro ta cikin unguwanni zuwa Kurmi, a fita marinar Ƙofar Mata, a dawo ta masallacin Juma'a da fada, a shiga Gidan Makama, a ƙare a jikin badala. Tafiyar wuni guda ce, daga fitowar rana zuwa la'asar. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: inda za ka shiga gidajen mutane ne da wuraren neman abincinsu. Duk abin da za ka samu a wannan rana, a bakin mutanen wurin za ka same shi, kuma ba sa buɗe baki ga wanda bai yi sallama ba.

Abin da za ka tanada

Takalmi shi ne na farko. A samu mai rufi, mara tsini, wanda ƙafa ta saba da shi. Kada ka sa sabon takalmi, kafin azahar zai yi maka kanta. Silifa ma ba ta dace ba, domin akwai kwata a tsakiyar lunguna da yawa, kuma matakalar Dala tana da wuraren da suka zaizaye. A lokaci guda kuma a zaɓi wanda cire shi ba wuya, saboda za ka tuɓe a ƙofar masallaci da wasu zaurukan.

Tufafi su zama na mutunci kuma marasa nauyi. Namiji ya sa riga da wando da hula, gajeren wando ba ya shiga cikin birni da daraja. Mace ta sa hijabi ko babban mayafi. Baƙuwar da ba Musulma ba ma ta yafa gyale, ta rufe kafaɗa da gwiwa, za ta ga bambancin yadda ake karɓar ta.

Sauran kayan su ne:

Ruwan sha, aƙalla gora babba ga kowane mutum. Ana samun na leda a ko'ina, sai dai a saman Dala kada ka dogara da hakan.
Tsabar kuɗi ƙanana, a rarraba su aljihu biyu ko uku. Masu POS suna nan a bakin kasuwa, amma tsohon da ya buɗe maka ƙofar masallaci ba da tiransifa za ka gode masa ba.
Ƙaramin littafi da biro. Sunayen unguwanni suna da yawa, kai ba ya riƙe su.
Waya mai cikakken caji, da jakar da ake ratayawa ta gaba.
Takunkumin hanci in lokacin hunturu ne, da lema ko malafa in bazara ce.
Goro ko dabino kaɗan a leda, na gaisuwar dattawa. Ba dole ba ne, amma na ga ƙofofin da goro biyar ya buɗe waɗanda kuɗi ba su buɗe ba.

1. Nemo ɗan jagora

Da ɗan gari akan ci gari. A nan zagayen yake gyaruwa ko ya lalace, don haka kada ka yi gaggawa.

Wurare biyu ne na hukuma da za ka fara tambaya. Akwai Gidan Makama, wanda yake ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, akwai kuma Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a wajen badala, inda hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano take. Ma'aikatan wuraren nan sun saba da baƙi, kuma za su iya haɗa ka da wanda zai raka ka. In kana da sani a sashen tarihi na Jami'ar Bayero, nan ma hanya ce.

Ni dai abin da nake dubawa a jikin ɗan jagora bai wuce uku ba. Shin haifaffen cikin birni ne, ko aƙalla ya daɗe a ciki har dattawa sun san fuskarsa? Shin yana iya bambance maka abin da yake rubuce a tarihi da abin da ake faɗa a baka? Sannan in ka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, yana cewa "mu tambayi Baba wane" ko kuwa yana ƙago amsa nan take? Gwada shi kafin ranar. Tambaye shi wa ya fara gina ganuwar Kano. In ya ce Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, kuma ya ƙara da cewa an faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa da zamanin Muhammadu Nazaki, to ka samu mutum. In ya ce Sarauniya Amina ce ta gina, nemi wani.

Ku yi maganar kuɗi a fili tun kafin a tashi: nawa ne ladansa, wa zai biya kuɗin shiga gidan tarihi, wa zai ba da ihsani a marina, wa zai biya adaidaita sahu in ta kama. Kunya a nan tana haifar da ɓacin rai da yamma. Ka kuma gaya masa a fili cewa kallo ya kawo ka, sayayya in ta zo ta zo. Wasu masu rakiya suna da shagon da suke kai baƙo don su sami la'ada, sai ka ga rabin wuninka ya ƙare a rumfa ɗaya.

Yawan mutane kada ya wuce shida zuwa takwas ga jagora ɗaya. Lungu ba ya ɗaukar ayari. In kun kai ashirin, kamar 'yan makaranta, ku rabu gida uku, kowane da nasa mai rakiya, a haɗu a masallaci da azahar.

Idan ba ka samu jagora na hukuma ba, nemi abokin da gidansu yake cikin birni, ka roƙe shi ya haɗa ka da wani kawunsa ko yayansa. Irin wannan ba zai ba ka shekaru da lambobi ba, amma zai shigar da kai zaurukan da ma'aikaci ba zai iya ba. Shekarun sai ka cike su a Gidan Makama.

2. Zaɓi rana da lokaci

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In hazo ya yi yawa ba za ka hangi nesa daga Dala ba, amma ƙafa tana jin daɗin tafiya. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin Kano ba abin wasa ba ne. Na taɓa hawa Dala da wasu ɗalibai a watan Afrilu wajen ƙarfe goma sha ɗaya, domin motarsu ta makara. Kafin mu kai sama wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi, muka sauko da ita a hannu. Tun daga ranar, in aka wuce ƙarfe tara a bazara, sai in cire Dala daga tafiyar ko in mai da ita bayan la'asar. Da damina kuma a duba sama, in an kwana ana ruwa a ɗaga tafiyar, domin lungunan da ke kusa da rafin Jakara suna cika.

Ranar Juma'a ba ta zagaye ba ce, tun kafin azahar hanyoyin fada da masallaci suke cushewa. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli da safe, ba a zirga-zirga sai hantsi. Litinin zuwa Alhamis sun fi. Da azumi ana iya yi, amma a raba shi kwana biyu, kuma baƙon da ba ya azumi kada ya ci ko ya sha a idon mutane.

3. Fara da Dala

Ku isa gindin dutsen wajen ƙarfe bakwai. Ku gaisa da waɗanda kuka tarar a bakin matakala, a bar jagora ya yi magana. Hau a hankali, kana hutawa. Ba dogon dutse ba ne, amma yana da tsayuwa, kuma wanda ya fara da gudu yakan zauna a tsakiya.

Dalilin farawa a nan shi ne, daga sama za ka ga duk inda ƙafarka za ta taka yau. Kada ka fara da ɗaukar hoto. Tsaya tukuna, ka ce wa jagora ya nuna maka abu huɗu: Gwauron Dutse, koren tulluwar masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa biyu, itatuwan da ke cikin Gidan Rumfa, wato fadar sarki, da rufin kwanon kasuwar Kurmi. In ka riƙe waɗannan, ko ka ɓace a lungu ka san inda ka dosa. Da sassafe hayaƙin masu ƙosai da waina yana tashi daga tsakanin gidaje, kana jin karatun almajirai daga wurare daban-daban a lokaci guda, ga tattabaru suna kewaya rufin soraye. Nakan bar mutane su yi minti goma ba wanda ya ce musu komai.

A nan jagora zai ba ka labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda kundin tarihin sarakunan Kano ya sa farkon mulkinsa a 999. Saurara da kyau, amma ka san wannan ɓangare labarin kaka da kakanni ne da aka rubuta daga baya. Abin da masu tonon ƙasa suka tabbatar shi ne an yi narkar da tama a kewayen dutsen tun wajen ƙarni na 7. Wato maƙera sun zauna a nan tun kafin sarauta ta zo.

Kuskuren da ake yawan yi: juya kyamara ƙasa. Daga saman Dala ana ganin tsakar gidajen mutane, da matan aure a bakin aikinsu. Ɗauki sararin gari, kada ka zuƙo cikin gida. Kada kuma ka matsa gefen dutsen, ƙasar tana zubewa.

Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya zauna a ƙasa, ba abin kunya ba ne. Wanda kuma yake son ganin Dala cike da jama'a ya zo ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, sai dai ranar ba ta bayani ba ce, ta turmutsitsi ce.

4. Gangara ta cikin unguwanni

Wannan shi ne zuciyar tafiyar, kuma shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa a adaidaita sahu. Kada ka yarda. Ka ce a bi da kai ta lungu, ta Madabo, a nufi Kurmi.

Ga yadda ake yi. Jagora yana gaba, kai kana biye. Duk inda kuka tarar da dattawa a kan dakali ko tabarma, a tsaya, a yi sallama, a ɗan rusuna. "Baba, barka da hantsi, mun same ku lafiya?" Jagora zai ce baƙi ne suka zo ganin gari. Sau da yawa daga nan za a ce ku zauna. In an ce ku zauna, ku zauna, ko da lokaci ya ƙure. Sannan ka yi tambaya guda ɗaya da ban taɓa ganin ta faɗi ƙasa banza ba: "Baba, me ya sa ake kiran unguwar nan da wannan suna?"

Domin tarihin Kano a sunayen unguwanninta yake. Madabo unguwar malamai ce tun zuwan Wangarawa daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma sunan jagoransu Abdurrahman Zaite yana nan a Zaitawa. Sharifai tana komawa ga zuriyar Shehu Magili, malamin da ya zo daga arewacin Afirka a zamanin Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki. Dandalin Turawa ba ta Turawan Ingila ba ce, Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, domin su aka fara kira Turawa kafin a ga waɗancan. Alfindiki kalmar Larabci ce ta masaukin fatake. Ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarbawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa. Wasu kuma sana'a ce ta ba su suna, kamar Soron Ɗinki da Dukawa da Lokon Maƙera. Ba za ka taka dukansu a rana ɗaya ba, amma rubuta duk wadda kuka ratsa. In ka duba littafinka da dare za ka ga garin nan baƙi ne suka taru suka gina shi, kowa da abin da ya zo da shi.

Ɗaga kai kana tafiya. Siminti da bulo sun cinye yawancin gidaje, amma jefi-jefi za ka ci karo da tsohon gini na tubali, da zankwaye a kusurwoyinsa, da indararo mai zubar da ruwan rufi, da dagi ko wani zane a goshin ƙofa. In mai gida ya yarda ka leƙa zaure, dubi rufin: azara ce aka jera, a manyan soraye kuma za ka ga bakan gizo sun tashi daga bango sun haɗu a tsakiya. Taɓa bangon da tafin hannu. A waje rana tana dukan mutum, a ciki sanyi kamar an yayyafa ruwa. Iyakarka zaure. Namiji baƙo ba ya wuce nan. Mace kuwa sau da yawa akan ce ta shiga ciki ta gaisa da matan gida, kuma in kina cikin tafiyar kada ki ƙi, abin da za ki gani a can mu ba mu taɓa gani ba.

Gargaɗi biyu. Kada ka ɗauki hoton mutum, musamman mace ko almajirai a makarantar allo, sai an tambaya an yarda. Wani baƙo da na raka ya ɗaga kyamara kan wasu 'yan mata masu talla ba tare da ya ce komai ba, sai da muka yi rabin awa muna ba wa wani dattijo haƙuri, kuma gaskiyar dattijon ce. Na biyu, kada ka raba wa yara kuɗi a lungu. Ka ba ɗaya, kafin ka juya sun zama talatin, tafiya ta tsaya. In kana son yin sadaka, miƙa wa malamin makarantar.

In yunwa ta taso, nan ne wurin gurasa. Ka ce a yi maka bandashe, da ƙuli-ƙuli da mai da albasa da yaji.

5. Kasuwar Kurmi

Ku iso wajen ƙarfe goma, kafin nan rumfuna da yawa ba su buɗe ba. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar a bakin Jakara, inda a da kurmi ne. Nan ayarin raƙuma daga hamada yake sauke gishiri da kayan Larabawa, nan fataken Gwanja suke kawo goro. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya kuma rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A wannan kasuwa kuma an sayar da bayi. Jagoran kirki ba zai ɓoye maka wannan ba, in bai faɗa ba ka tambaya.

Kurmi layi-layi take, kowace sana'a da wurinta. Kada ka ce za ka gama ta. Zaɓi uku ko huɗu. Ni nakan kai mutane wajen masu kayan doki su ga sirdi da linzami da likkafa, domin a nan ake shirya abin da ake gani ranar hawan sallah. Daga nan sai masu littattafan addini da na ajami da allo da tawada, sai masu kayan fata, sai masu turare da kayan ƙamshi. Mai sha'awar jima ya ce a ɓulla da shi Majema ta wajen Ƙofar Wambai, amma ya shirya wa wari.

Ciniki yana da ladabinsa. Fara da "Alhaji, Allah ya ba da kasuwa." In ka taya ya ce "albarka," bai sallama ba ke nan, ƙara ko ka yi godiya ka wuce. Abin da ba a yi shi ne ka taya, ya sallama, sannan ka ce ka fasa. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye. In an nuna maka wani abu aka ce tsohon kaya ne na shekara ɗari, ka saye shi don ya ba ka sha'awa, kada ka biya kuɗin shekarun. Kayan tarihi na gaske ma doka ta hana fita da su daga ƙasa ba da izini ba.

Jakarka a gaba, wayarka a ciki. In za ka amsa kira, shiga rumfa.

6. Marinar Ƙofar Mata

Daga Kurmi ka nufi gabas, wajen Asibitin Murtala. In ƙafa ta fara gajiya, wannan ne gurbin da na yarda a hau adaidaita sahu. Marinar tana dab da ƙofar, kuma 1498 ake ba wa a matsayin shekarar kafa ta.

Da shigarka za ka ga bakunan rijiyoyi a jere a ƙasa, da yawa sun bushe an daina aiki da su, kaɗan ne ke da ruwa. Nemi shugaban wurin ku gaisa kafin komai, a kuma daidaita abin da za a bayar in za a yi hoto. Sannan ka samu marini guda ka tsuguna kusa da shi, kada ka tsaya a kansa.

Abin da ke cikin rijiyar baba ne da toka da kanwa da ruwa, an bar su sun yi makonni suna ruɓa har kumfa ta taso. Dubi hannunsa. Yana tsoma ƙyallen, ya juya shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago, ya matse, ya buɗe shi a iska. Lokacin da ya fito ba shuɗi ba ne, kore-kore ne. A gaban idonka, kafin ka ƙirga ashirin, iska za ta mai da shi shuɗi. Sai ya sake tsomawa. Yawan tsomawa da ɗagowa shi ke sa launi ya yi duhu, shi ya sa mai neman baƙin shuɗi sai an yi sa'o'i ana yi masa. Zanen da kake gani fari-fari a jiki kuwa ba a nan aka yi shi ba, mata ne a cikin gidaje suke ƙulle ƙyallen da zare kafin a kawo, bayan rini a warware.

Kada ka tafi ba ka shiga wajen masu bugu ba. Tun daga waje za ka ji sautin, tim, tim, ɗaya na bin ɗaya. Suna zaune sun sa gungumen itace a tsakani, suna dukan tufa da manyan mabugai har ta kwanta ta yi ƙyalli. Irin wannan aiki ne yake fitar da sheƙin rawanin da Buzaye suke naɗawa. Roƙi a ba ka mabugin ka ɗaga sau biyu, za ka san abin da suke ci da guminsu.

In za ka sayi abu ɗaya a duk wunin nan, saye shi a nan, daga hannun wanda ya rina. Rinin zamani na kanti ya janye musu kasuwa, kuma kowace rijiya da ta bushe gida ne da ya bar sana'ar. Wanke shi daban a karon farko, yana zuba.

7. Masallacin Juma'a da fada

Ku juyo ta yammacin marinar ku riski azahar a babban masallaci. Ginin da ake gani yanzu an yi shi a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a madadin tsohon na ƙasa. Baƙon da ba Musulmi ba ya jira a inuwa daga waje, ya huta.

Gidan Rumfa yana nan kusa, kuma gida ne da ake zaune a ciki tun ƙarni na 15, shiga sai da izinin da aka nema tun kafin ranar. Abin da za ka yi shi ne ka kewaya ta Ƙofar Kudu, wadda Sarki Abdullahi Maje Karofi ya gina, ka ga filin da ake jahi ranar Hawan Daushe. Hawan sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024. Gaida dogarai, ka tambaya kafin ka ɗaga waya. In an ce a'a, a'a ce. Maganar siyasar sarauta kuma ka bar ta a gida.

8. Gidan Makama

Yana tsallaken fili kaɗan daga fada. Rumfa aka gina wa shi tun yana riƙe da sarautar Makama. Na ajiye shi kusa da ƙarshe da gangan. Wanda ya fara da gidan tarihi yakan ga hotuna da kwalaye ne kawai, wanda kuwa ya zo bayan ya taka Dala da Kurmi zai riƙa cewa "ai nan muka wuce ɗazu."

Biya kuɗin shiga, ka karɓi ma'aikacin da aka haɗa ka da shi ko da kana da naka jagoran. Nemi a nuna maka tsofaffin ƙyamaren Ƙofar Waika da Ƙofar Kabuga, da taswirar ganuwa da ƙofofinta, da ɗakin da ke bayanin shigowar Turawa a watan Fabrairu na 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. A nan ne za ka fito da littafinka ka tace abin da ka ji a lungu. Ginin kansa ma abin kallo ne, shi ya sa nake cewa a riƙa ɗaga kai a kowane soro. Ana tashi da yamma, kada ku wuce ƙarfe uku ba ku shiga ba.

9. Badala, da sallamar jagora

Daga Gidan Makama ku ɗauki shatar adaidaita sahu zuwa Ƙofar Ɗan'agundi, ku bi gefen titin da ya nufi Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya. Ta wannan ɓangare ake iya ganin ragowar ganuwar ƙasa. Yawancin ƙofofin da kake gani sababbin gini ne, Ƙofar Na'isa ma a 2010 aka rushe tsohuwar don faɗaɗa titi aka sake ta. Ganuwar tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, amma ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye ba su tsaya jira ba. Duk shekara in na zo da baƙi sai na tarar wani gefe ya ragu, kuma abin yana ci mini rai. Kada ka hau kanta don hoto, kada ka ɓantari ƙasarta don tsaraba. Tsaya a gindinta, ka dubi kaurinta, ka ce wa jagora ya nuna maka inda ramin da ya kewaye ta yake da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini.

A nan ake sallama. Ba shi abin da kuka yi alkawari cikakke, a keɓe, ba a gaban jama'a ba, in ya kyauta maka ka ɗora wani abu. Karɓi lambarsa. In ka yi wa wani dattijo ko marini alkawarin aiko da hoto, ta hannun jagoran za ka aika, kuma ka aika ɗin, domin gobe shi zai koma lungun da wani baƙo. Ku fita daga lunguna kafin magariba.

Wanda ƙafarsa ba za ta iya wunin duka ba ya raba biyu: Dala da unguwanni da Kurmi ranar farko, marina da fada da Gidan Makama da badala rana ta biyu. In kuma kana da safiya ta uku, tafi Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, daga nan ka sa a mai da kai unguwa guda cikin waɗanda ka rubuta a littafinka, ka nemi dakalin da aka ce ku zauna ba ku samu zama ba.